Kocin ƙaramar kwaleji ya hana ɗana sakat, alhali ba shi da ko sisin da zai ba shi

Tambaya: Ina zaune da iyalina a jihar Ohio ta Amurka. Ɗana yana ajin ƙarshe a sakandare, yana buga ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka. Wata biyu ke nan kocin wata ƙaramar kwaleji ya hana shi sakat da kira da saƙonni, amma da na yi masa maganar tallafin karatu sai ya ce su ba sa bayar da tallafi saboda wasa. Na bincika na ga sun canza koci sau uku cikin shekara bakwai, bara kuma wasa biyu kacal suka ci. Rashin iya aiki ne, ko akwai abin da ban gane ba?

Amsa: Malam, ruwa ba ya tsami banza. Kocin nan gaskiya ya faɗa maka a kan tallafi, kuma yawan kiran da yake yi wa yaron yana da dalili. A ƙananan kwalejojin Amurka, aikin koci na farko shi ne kawo ɗalibai masu biyan kuɗin makaranta. Horar da su da cin wasa suna zuwa a bayan wannan. A idon kocin, ɗanka ɗan wasa ne da zai iya toshe masa wata kafa a fili. A idon ma'ajin makarantar, kuɗin makaranta ne da na ɗakin kwana da na abinci har shekara huɗu. Duk wahalar da irin waɗannan ƙungiyoyi suke sha wajen neman 'yan wasa da riƙe masu horarwa, daga nan ta samo tushe.

Tunda ya ce babu tallafin wasa, kwalejin tana rukuni na uku ne a tsarin NCAA, babbar hukumar da ke kula da wasannin kwalejojin Amurka. Wasannin da kake gani a talabijin ranar Asabar, filin ya cika maƙil da mutum dubu ɗari, na saman rukuni na ɗaya ne da ake kira FBS. Shekaru da dama kowace jami'a a can tana da cikakken tallafi 85 da za ta raba wa 'yan ƙwallonta, daga 2025 ma aka ba su damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga kowace jami'a, a duk wasanninta. Ƙasa da su, a cikin rukuni na ɗayan dai, akwai FCS, waɗanda suka saba da tallafi 63. Rukuni na biyu yana da 36. Hukumar NAIA, wadda ke zaman kanta, tana da 24. Rukuni na uku kuwa, inda ƙungiyoyin ƙwallon suka kai wajen 240, ba shi da ko ɗaya. Su ma masu 36 ɗin kada ka ɗauka yara 36 ne ke karatu kyauta. Yayyanka shi ake yi ƙanana-ƙanana don ya isa yara ɗari ko fiye. Adam Thielen, wanda daga baya ya yi suna a gasar ƙwararru ta NFL, da tallafin dala 500 ya shiga jami'ar Minnesota State da ke Mankato, kuɗin da da ƙyar zai sayi littattafan zango ɗaya.

Ga lissafin da shugaban makaranta yake yi. A ƙaddara kwalejin tana da ɗalibai 1,200, kuma bayan duk rangwamen da ake yi, kowane ɗalibi yana kawo dala 20,000 a shekara. Ƙungiyar ƙwallo mai yara 110 ta kawo dala miliyan 2.2 ke nan. Cire albashin masu horarwa da hular kwano da kayan kariya da kuɗin mota da inshora, za ka ga akwai saura mai tsoka. Waɗannan yara kuma maza ne, alhali a Amurka mata sun fi maza yawa a kwalejoji, kowace ƙaramar makaranta neman maza take yi ido rufe. Kwalejin Adrian ta jihar Michigan ta yi fice da wannan dabara. Lokacin da Jeffrey Docking ya karɓi shugabancinta a 2005 ɗalibanta ba su kai dubu ba. Ya gina filin wasa da dandalin wasan ƙanƙara, ya buɗe ƙungiyoyi iri-iri har da ta gasar kamun kifi, ya ɗora wa masu horarwa alhakin kawo yara, cikin 'yan shekaru yawan ɗaliban ya kusa ninkawa. Makarantu da yawa sun bi sahu. Shi ya sa a wurare da dama ana yanka wa koci adadin sababbin yaran da zai kawo kowace shekara, kuma za a fi saurin yafe masa shan kashi a fili a kan a yafe masa gadaje babu kowa a ɗakunan kwana.

To yanzu dubi mutumin da aka ba wannan aiki. Ba shi da kuɗin da zai nuna. Doka ma ta hana shi sa baki a rangwamen da ofishin tallafi zai yi wa yaro, domin a rukuni na uku ba a yarda a duba iya wasa wajen raba tallafi ba. Abin da ya rage masa shi ne ƙafarsa da bakinsa. Daren Juma'a yana tsaye a gefen filin wata sakandare cikin sanyi, da 'yar takarda a hannu yana rubuta lambobin riguna, washegari kuma ƙungiyarsa tana da wasa da rana. Kakar wasa na ƙarewa a watan Nuwamba ya hau hanya da motarsa, sakandare biyar ko shida a yini, abincin rana a gidan mai. Ya zauna a ɗan ofishin kocin sakandare, wanda warin gumi da na robar takalma ya cika shi, a kira masa yara ɗaya bayan ɗaya daga aji. Da dare ya koma kan Hudl, dandalin da yara ke ɗora bidiyon wasanninsu, ya kalli ɗari ya aika wa hamsin saƙo. Daga sunaye ɗaruruwa ne zai tace ya samu arba'in ko hamsin da za su zo.

Kuma duk yaron da ya fi burge shi, shi ne wanda bai cika samu ba. Yaro mai tsayi da nauyi da gudu, rukuni na biyu zai yi masa tayin 'yan daloli dubu, shi da iyayensa su ji daɗin cewa an ba shi sikolashif, ko da kuwa in aka zauna aka yi lissafi kwalejin rukuni na uku ta fi sauƙi bayan rangwame. Wani yaron kuma zai gwammace ya tafi babbar jami'a ya shiga ƙungiya ba tare da tallafi ba, ya yi shekara huɗu a benci, don dai ya sa rigar da ya taso yana gani a talabijin. Mafi wuyar samu su ne ƙattan layin gaba, masu tare abokan hamayya. Masu gudu da kama ƙwallo suna da yawa a kowace sakandare, amma yaro mai kilo 130 da ke iya motsa ƙafa, duk ƙasar rububinsa ake yi.

Wurin da ake yin ta ko a fasa shi ne teburin cin abinci na gidan yaron, wajen watan Maris ko Afrilu. Uwa ta baje takardu uku daga makarantu uku, kowace da kuɗinta na asali a sama, mai tayar da hankali, sai jerin rangwame a ƙasa, sai bashin gwamnati da aka cusa a tsakiya kamar shi ma kyauta ne. Uba yana danna kalkuleta a waya. Kocin da ya yi wata shida yana kiran yaron, ya san sunan kakarsa, ya je wasansa sau biyu, zai iya rasa shi a wannan dare saboda bambancin dala dubu biyu, kuma babu abin da zai iya ƙarawa. Ko yaron ya ce ya amince, babu takardar da ta ɗaure shi. A rukuni na uku takardar da ake sa wa hannu a ɗauki hoto ta biki ce kawai. Sai ya biya kuɗin kama gurbi, bisa al'ada kafin 1 ga Mayu, sannan koci zai ɗan numfasa, duk da haka wasu a watan Yuli suke zillewa. Shekarar 2024 ta gwada musu azaba: takardar neman tallafin gwamnatin tarayya da ake kira FAFSA, wadda aka saba buɗewa ranar 1 ga Oktoba, sai ƙarshen Disambar 2023 ta fito, bayananta kuma ba su fara isa makarantu ba sai a watan Maris. Masu horarwa suka yi ta riƙe yara da daɗin baki, su kansu ba su san nawa za a caje su ba.

Kawo yaran rabin aiki ne. Mutum 11 ke shiga fili a lokaci guda, masu fara wasa a ɓangaren hari da na tsaro 22 ne. In ƙungiya tana da yara 120, wasu ma suna haura 150, yawancinsu ba za su taɓa ƙwallo ranar Asabar ba, motar zuwa wasan waje ma ba ta ɗaukar kowa. Yaron da shi ne tauraron garinsu bara, yau shi ne na shida a layi, yana tashi da asuba ɗaga ƙarfe, bashi yana taruwa a kansa. Tunda ba wasan ke biya masa karatu ba, ranar da ya gaji zai ajiye hular ya tafi, ba abin da zai rasa. Saboda haka koci yake ɗebo hamsin, bayan shekara huɗu a ga sha biyar ko ashirin suka rage. Ƙungiyar da kullum yara 'yan shekara 18 suka fi yawa a cikinta tana karawa da ƙartai 'yan shekara 22 da suka yi shekara huɗu suna ɗaga ƙarfe. Sai a lallasa ta, yara su ƙara gudu, koci ya ƙara ɗebo sababbi don cike gurbi. Haka abin yake juyawa.

In ya yi muni, ga inda yake kaiwa. A 2019 Kwalejin Grinnell ta jihar Iowa, makaranta mai arziki da tsananin zaɓen ɗalibai, ta shiga kaka da 'yan wasa 39 kacal. Bayan wasa uku, 28 ne suka rage da lafiya, makarantar ta soke wasanni bakwai da suka rage don gudun kada yaran su nakasa. Kwalejin Earlham ta jihar Indiana ta sha kashi sau 53 a jere, ta dakatar da wasan a ƙarshen 2018. Ita ma Occidental ta birnin Los Angeles ta katse kakarta ta 2017 saboda ƙarancin 'yan wasa, a 2020 ta rufe ƙungiyar gaba ɗaya. A irin waɗannan makarantu akwai ƙarin ƙalubale, domin yaron da koci yake so sai makinsa na karatu ya kai, ofishin ɗaukar ɗalibai ba ya sassauta wa kowa.

A cikin rukunin ma ba a zama ɗaya ba. Kai da ke Ohio ka san Mount Union ta garin Alliance. Larry Kehres ya horar da ita daga 1986 zuwa 2012, ya ci wasa 332, aka ci shi 24, ya ɗauki kofin ƙasa sau 11. Irin wannan makaranta yara ne ke neman ta. A jihar Minnesota, Jami'ar St. Thomas, wadda ta fi maƙwabtanta yawan ɗalibai da kuɗi nesa ba kusa ba, ta ci St. Olaf 97 da nema a 2017. A watan Mayun 2019 sauran makarantun gasar suka sa aka fitar da ita, duk da tana cikin waɗanda suka kafa gasar tun 1920. Kocin da ke can ƙasan irin wannan gasa, a sakandare ɗaya yake neman yara da waɗannan manya.

Sai kuma abin da ya sauya harkar a 'yan shekarun nan. A watan Oktoban 2018 NCAA ta buɗe rajistar sauya sheƙa, inda ɗan wasa zai sa sunansa duk masu horarwa na ƙasar su gani. A 2021 aka cire dokar da ke sa mai sauya makaranta ya zauna shekara guda bai buga ba, a sauyin farko, kuma daga 1 ga Yuli na wannan shekara aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu. A 2024 aka cire iyakar yawan sauyin ma. A ganina 'yan wasa sun cancanci wannan 'yanci, tunda masu horarwa sun daɗe suna tafiya duk ranar da suka ga dama. Amma ƙananan makarantu ne suka biya farashin. Cam Ward, wanda manyan jami'o'i suka ƙi kallo yana sakandare a Texas, Jami'ar Incarnate Word ta San Antonio ce ta ɗauke shi ta fito da shi. Bayan kaka biyu ya koma Washington State, daga can Miami, a 2025 shi ne na farko da aka zaɓa a NFL. Jared Verse ya bar Albany ya koma Florida State a 2022. Trinidad Chambliss ya ɗaukar wa Ferris State kofin rukuni na biyu a 2024, shekarar da ta biyo baya yana jan ragamar Ole Miss. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Rukuni na uku bai kai FCS da rukuni na biyu jin wannan a jika ba, amma duk yaron da ya yi fice a can, wayarsa za ta fara ƙara a watan Disamba. Gaskiya ne ruwan yana gangarowa ƙasa ma, yaran da suka rasa gurbi a sama suna saukowa, sai dai yaron da ya saba da jirgin sama da otal ba kullum yake jure tafiyar awa shida a bas ba.

Maganar canza koci sau uku da ka yi, hanya biyu ce ke fitar da koci daga ƙaramar makaranta. In ya kasa, a sallame shi ko ya gaji ya tafi da kansa. In ya iya, a ɗauke shi. Lance Leipold ya ci wasa 109 aka ci shi 6 a Wisconsin-Whitewater, da kofin ƙasa shida, Buffalo ta ɗauke shi a ƙarshen 2014, daga baya Kansas. Kalen DeBoer ya ci 67 aka ci shi 3 a Sioux Falls lokacin tana NAIA, a 2024 ya zama kocin Alabama, da albashin da bai gaza dala miliyan 10 a shekara ba. Wanda ya fi nuna yadda abin ya koma shi ne Matt Entz. Yana shugaban masu horarwa a North Dakota State, gagarabadau ta FCS a lokacin, ya ɗauki kofi a kakar 2019 da ta 2021, amma a Disambar 2023 ya ajiye ya tafi USC, babbar jami'a a California, ya zama mataimaki. Kuma yanzu koci ba ya tafiya shi kaɗai. Da Deion Sanders ya bar Jackson State zuwa Colorado a Disambar 2022, ɗansa Shedeur da Travis Hunter suka bi shi. Da Curt Cignetti ya bar James Madison zuwa Indiana, 'yan wasansa fiye da goma suka bi bayansa.

Waɗannan su ne waɗanda ake jin labarinsu. Waɗanda ba a ji su ne mataimaka. A kwaleji irin wadda ke neman ɗanka, ƙila mutum uku ko huɗu ne ke kan cikakken albashi, sauran matasa ne da ake ba ɗan abin kashewa da ɗaki da katin cin abinci, ko malaman sakandare da ke zuwa da yamma bayan sun tashi aiki. Mutum ɗaya shi ne mai horar da 'yan tsaro, shi ne mai kula da ɗaga ƙarfe, shi ne mai yanka bidiyo, wani lokaci shi ne mai zuba riguna a injin wanki ranar Lahadi. Da ya samu tayin da ya fi wannan, ko ya yi aure ya ga hannu baka hannu ƙwarya ba za ta riƙe gida ba, sai ya tafi. Ya tafi kuma da duk sanayyar da ya ƙulla da kociyoyin sakandare na yankinsa, wadda ita ce jarin ƙungiyar. Sabon koci yana zuwa a watan Janairu ya tarar lokacin neman yara ya ci rabi, 'yan wasan da ya gada ba su dace da tsarinsa ba, wasu sun riga sun sa suna a rajista. Makarantar da ta yi haka sau uku cikin shekara bakwai, sau uku ke nan ta koma farko.

Wannan ne ya sa nake yawan tuna John Gagliardi na Jami'ar Saint John's a Minnesota. Ya zauna a makaranta ɗaya daga 1953 zuwa 2012, ya bar aiki da nasara 489, babu kocin kwaleji da ya kai shi. Ba ya busa usur, ba ya yarda a kayar da juna a atisaye, ba ya korar yaro daga ƙungiya, ya ma hana a kira shi koci, sai dai John. Mutane sun fi son ba da labarin waɗannan al'adu nasa, ni kuwa abin da na fi dubawa shi ne yaransa ba sa jin rauni a banza, ba sa gudu, kuma tsofaffin ɗalibansa su ne suka zama kociyoyi da iyayen da ke turo masa wasu yaran. Irin wannan ba ya samuwa a shekara uku, shugabannin makarantu na yanzu kuwa ba su da haƙurin jira, don su ma wuta ce a bayansu.

Wutar ita ce ƙarancin yara. A 2007 an haifi jarirai kimanin miliyan 4.3 a Amurka. Tattalin arziki ya durƙushe a 2008, haihuwa ta ragu, zuwa 2023 ta sauko wajen miliyan 3.6. Waɗancan na 2007 su ne suka cika shekara 18 a 2025, daga nan kuma masu gama sakandare raguwa za su yi ta yi, musamman a yankinku na tsakiyar ƙasar da arewa maso gabas, inda ƙananan kwalejoji suka fi yawa. Wasu iyayen kuma sun hana 'ya'yansu wasan saboda tsoron buguwar ƙwaƙwalwa. Ƙwallon ba kullum take ceton makaranta ba. Jami'ar Finlandia ta Michigan ta buɗe ƙungiya a 2015, ta rufe ƙofarta gaba ɗaya a 2023. A shekarar Iowa Wesleyan ta rufe. Alderson Broaddus ta West Virginia ta durƙushe ana saura makonni a fara kaka, yara suka bazama neman inda za su raɓa. Birmingham-Southern ta Alabama ta bi su a watan Mayun 2024.

Duk da haka ba zan ce ka hana yaron ba. Rashin tallafin wasa yana da alherinsa: rangwamen da za a yi masa saboda makinsa ko saboda ƙarfin aljihunka nasa ne, ko ya ji rauni, ko ya saɓa da koci, ko ya daina wasan. A rukuni na biyu tallafin wasa na shekara ɗaya ne, sabunta shi ake yi, ana iya rage shi. Abin da za ka duba shi ne kuɗin da zai fita daga aljihunka bayan an cire bashi daga lissafin, da sharaɗin makin da zai riƙe don rangwamen ya ɗore, da ko yaron zai so makarantar in babu ƙwallo. Ka tambayi kocin kai tsaye yara nawa yake shirin kawowa bana a gurbin da ɗanka yake bugawa, da mataimakansa nawa ne ke kan cikakken albashi, da shekara nawa kowannensu ya yi a wurin. Ka binciki yawan ɗaliban makarantar a shekara goman nan, hawa yake yi ko sauka.

Akwai kuma binciken da za ka yi da kanka a daren nan ba sai ka tambayi kowa ba. Makarantun nan suna barin jerin sunayen 'yan wasansu na shekarun baya a shafinsu na intanet. Buɗe na shekara uku da suka wuce, ka rubuta sunayen 'yan ajin farko, sannan ka buɗe na bana ka ƙirga nawa ne daga cikinsu suka kai ajin ƙarshe. In hamsin suka shiga ka tarar da talatin, ka kai yaron ya kwana ɗaya a makarantar ya ga wurin da idonsa. In takwas ka tarar, ka riƙe takardar a hannunka ranar da kocin zai sake kira, ka tambaye shi ina sauran suka tafi.